Idrissa da Kaset Mai Ƙugi

A shekarar 1993, a kan titin Canal, tsakanin teburin agogunan Gariba, wani ɗan Kumasi, da shagon wata tsohuwa 'yar Sin mai sayar da kunkuru masu rai a cikin bokiti, akwai wani ɗan lungu da bai fi faɗin ƙofa biyu ba. Nan ne shagon Idrissa. Mutumin Maraɗi ne, dogo, siriri, gemunsa ya yi furfura ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa ya ƙi. Sana'arsa juyar kaset da gyaran rikoda. Ya yi ta a Maraɗi, ya yi ta a Kano, ga shi yana yin ta a New York, kuma a shekara goma sha taran nan ba wanda ya taɓa dawo masa da kaset ya ce yana ƙugi. Ko mutum ɗaya. Ba shi da mota, ba shi da gida, wannan shi ne abin tinƙahonsa a duniya. Duk kaset ɗin da ya fito daga hannunsa sai ya buga masa hatimi da shuɗiyar tawada: IDRISSA, CANAL.

Direbobin ofisoshin jakadanci da ma'aikatan asibiti da ɗalibai duk wurinsa suke zuwa. Wani ya kawo wa'azi, wani kiɗan bikin ƙanwarsa, wani kuma saƙon da tsohuwarsa ta yi masa daga ƙauye, iska na kaɗawa, akuya na kuka a bayanta. Idrissa zai sa abin saurare a kunne, ya lumshe ido, ya yi ta murɗa maɓallai har sai akuyar ta ja baya, muryar tsohuwar ta fito kamar tana zaune a kan tabarma kusa da kai. A wurinsa magana ita ce gaba. Kiɗa da duk wani sauti 'yan rakiya ne, su tsaya a baya.

Ran wata Litinin ta watan Yuli, rana ta take, tururi na fitowa daga ramukan titi kamar ana dafa wani abu a ƙarƙashin birnin, sai ga 'yan mata biyu sun cicciɓo wata na'ura a cikin bargo. Ta gaban ya san ta: Hafsa, 'yar Hajiya Halima Sa'adiya, Bakanuwar nan da ke aikin jinya a Bronx. Tun tana da tsayin tebur uwarta ke zuwa da ita daga unguwarsu Concourse Village. Yanzu ta shekara ashirin da ɗaya, ta sa wata ƙatuwar riga ta maza da takalmin sojoji. Ta bayan kuwa Abena ce, gajeriya mai fara'a, sandunan ganga biyu a soke cikin gashinta.

"Kawu, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗiyata. Mi kunka ɗauko haka, kamar mai jinya?"

"Ai mai jinyar ce," in ji Abena. Hausarta ta zangon Kumasi ce, irin ta Gariba. "Baba, in ta mutu mu ma mun mutu."

Suka buɗe bargon. Na'urar ɗaukar sauti ce mai layi huɗu, irin wadda ke ɗaukar ganga daban, murya daban, sannan a haɗa. Hafsa ta yi bayani, rabi da Hausa rabi da Turanci, yana tsintar abin da ya tsinta. Su uku ne, ita da Abena da wani Jamal mai kaɗa jita. Sunan ƙungiyarsu Rana Tsaka, sunan da ba Ba'amurken da ya taɓa faɗinsa daidai. Wata bakwai suna ɗaukar waƙoƙi goma, sun gama ke nan robar da ke juya kaset ta tsinke. Ranar Asabar da rana za su yi wasa a bayan wani shagon fayafayi, kuma nan suke so albam ɗinsu na farko ya fito, kaset ɗari da hamsin.

"Ka gyara robar, ka juye, shi ke nan," in ji Hafsa. Ta nuna masa maɓallan nan huɗu masu hawa da sauka. A gefen kowanne an ɗiga jan farce. "Ka ga jan nan? Kowane maɓalli ya tsaya a kan nasa. Please, Kawu, kada ka taɓa."

"Ni za a koya wa maɓalli?"

"Ba koya maka nake ba."

"Bon, to shi ke nan. Ku tahi. Laraba ku dawo."

Gariba ya leƙo daga bayan agogunansa, waɗanda ba guda biyu da suka taɓa yarda da juna a kan lokaci. "Bafaranshe, yau ka samu mawaƙa? A sa sunana a ciki fa."

"Ka sai da agogon da ke tahiya tukuna, Ɗan Kumasi."

Gyaran roba bai ɗauke shi rabin sa'a ba. Ya goge kan na'urar da auduga, ya sa kaset na farko, ya daidaita maɓallan a kan jan farcen kamar yadda aka ce, ya sa abin saurare a kunne, ya danna.

Sai da ya zabura.

Wani irin ƙugi ne ya cika masa kai, kamar an buɗe famfo goma a ɗakin kwano, kamar jirgin ƙasa na wucewa ta cikin rumbun gero. Ya kashe. Ya duba wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya sake goge kan na'urar. Ya hura mata iska, ya ɗan bubbuga ta a gefe, ya yi bismilla, ya sake dannawa. Ƙugin na nan daram. Amma da ya daure ya saurara, sai ya ji can ƙasa, can nesa, akwai ganga mai sauri, mai daɗin taka rawa, kuma a bayan gangar akwai wani abu siriri da ke hawa yana sauka. Murya ce.

"Wayyo yaran nan," ya ce. "Wata bakwai!"

Tausayinsu ya kama shi. Ya tabbata wani ne ya sayar musu da lasifika mai fasasshen ciki, su kuma ba su sani ba. Ya ja maɓalli na uku ƙasa, ƙugin ya ragu. Ya ja na huɗu, ya ƙara raguwa. Ashe duk ɓarnar a layin jita take. Sannan ya tura na biyu sama a hankali, ya wuce jan farcen, ya wuce shi da nisa, sai ga muryar Hafsa ta fito tsaye ita kaɗai a fili.

Idrissa ya jingina da bango. Bai taɓa sanin yarinyar nan tana da murya haka ba, mai haske, mai ɗan rawa a ƙarshe kamar ta wanda ya gama dariya. Waƙoƙin na rani ne, duk da Turanci, bai kama komai ba sai sunan Coney Island da ya ji sau biyu. Amma ta bakwai da Hausa ce, Hausar 'yan Bronx mai ɗan ɗingishi:

Umma ta fita, shayinta bai huce ba,
hannunta na warin sabulun asibiti,
na yi kamar ina barci, ina jin ta,
ta gyara min bargo, ta ɗauka ban sani ba.

Ya maimaita ta sau uku. A na ukun ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

Injinsa kaset uku yake juyewa a lokaci guda. Ya ajiye wa'azin wani limami a gefe, ya ajiye bikin wata 'yar Zinder, ya duƙufa. Kafin azahar ɗin Laraba kaset ɗari da hamsin sun jeru a kwali, tas da su, ba ƙugi ko na sauro. Hatimi kawai ya rage. Don murna ya ɗauki ɗaya ya sa a lasifikar da ke rataye a ƙofar shagon, ya ƙure. Tsohuwa mai kunkuru ta fito tana kaɗa kai. Kafin la'asar Gariba ya haddace waƙa ta bakwai, yana rera ta da muryar bajimi yana goge agogo.

Haka Hafsa ta tarar da su.

Tun daga kusurwar titi ta ji. Ta tsaya cak a tsakiyar masu tafiya, wani mai tura akwatunan kifi ya kusa bangaje ta. Muryarta ce ke yawo a saman titin Canal, kowace kalma a fili, ga kuma Gariba yana amsawa, "Ta gyara min bargo-o-o!" Ta rufe fuska da hannu biyu, ta kutsa da gudu ta fizge wayar lasifikar.

"Kawu! Me ka yi?"

"Wala, ga shi nan!" Idrissa ya buɗe hannuwa. "Na tsamo ki daga rijiya. Kin ji kanki kuwa?"

"Ina jitar?"

"Tana nan baya, inda ya kamata ta zamna."

"Na ce kada ka taɓa!"

"Ɗiyata, kayanku sun lalace ba ku sani ba. Wanda ya sai muku da lasifikan nan Allah shi isar muku."

Abena ta zauna a kan kwalin kaset ɗin tana dariya har da riƙe ciki. "Ei, Baba! Ƙugin nan Jamal ya yi wata uku yana nemansa. Akwatunan sauya sauti shida yake takawa kafin ya fito."

"Nemansa? Da gangan?"

"Da gangan."

Idrissa ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ya taɓa ganin abubuwan mamaki a birnin nan. Ya ga mutum yana yawo da maciji a wuya, ya ga kare da rigar ruwa da takalma huɗu. Amma mutum ya nemi ƙugi da kansa, ya yi wata uku, wannan bai taɓa ji ba.

"Ka sake juyewa," in ji Hafsa. "Ka mayar da komai kan jan."

"A'a."

"Kawu."

"Shekara goma sha tara ba a taɓa maido mini da kaset ba. In na saki wancan abu da sunana, gobe duk masallacin Juma'a za a ce kunnen Idrissa ya mutu. Ku kai wa wani."

"Wa zai yi mana kafin Asabar?"

Shi ma ya san babu. Gariba ya sa baki, "Yarinya, ni dai wannan ya fi mini. Har na yi niyyar saya wa matata." Hafsa ta yi masa wani kallo, ya koma goge agogo.

Abena ce ta raba gardamar. Ta ce yau da yamma suna da gwaji a garejin gwaggon Jamal a unguwar Stapleton ta tsibirin Staten Island, layi uku daga ɗakin da Idrissa ke haya. "Ka zo ka ji da kunnenka, Baba. In ka ji ka ce a'a, mu ɗauki kayanmu." Idrissa ya ce ba abin da zai canza, amma tunda hanyarsa ce, zai biya.

Suka hau jirgin ruwan Staten Island tare, rana na sheƙi a kan ruwa. Hafsa ta tsaya can nesa jikin ƙarfe, ta ba shi baya. Shi kuma ya zauna yana kallon wani tsuntsun teku mai ƙafa ɗaya da ya saba bin jirgin ƙarfe biyar, yana tunanin ko a ina ya bar ɗayar.

Garejin na bayan wani gida mai koren fenti. An manna kwalayen ƙwai a bango don tare ƙara, an shimfiɗa tsohuwar darduma. Jamal ya miƙe da suka shigo, dogon yaro baƙi, ɗan asalin unguwar, ba ya jin Hausa ko ta sannu. Ya gaida Idrissa da hannu biyu, Hafsa ce ta koya masa. Aka ba baƙo kujerar roba. Abena ta zaro sandunan daga gashinta, ta buga su sau huɗu.

Abin da ya faɗo wa Idrissa ba irin na cikin abin saurare ba ne. Wannan ta ƙirji ya shiga. Rigarsa ta kama kaɗawa, kujerar ta kama rawa a ƙarƙashinsa, wani gwangwanin fenti a kan kanta ya fara tafiya da kansa, a hankali, har ya kai baki ya tsaya yana shawara. Cikin ƙugin akwai wasu ƙananan sautuka da ke juyawa, ɗaya na bin ɗaya, kamar ka zura wa ruwan kogi ido har ka rasa ko ruwan ke tafiya ko kai. Ganga kuwa na ta tsalle-tsallenta kamar ba ruwanta. Muryar Hafsa takan ɓullo ta nutse, ta ɓullo ta nutse. Bai ce ya ji daɗi ba. Amma ya manta bai toshe kunne ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa Jamal ne. Tun da aka fara yaron bai ɗaga kai ba. Idonsa na ƙasa, a kan ƙafafunsa, har aka yi waƙa huɗu. Da aka tsaya shan ruwa, Idrissa ya jawo Abena gefe.

"Yaron ga ɗan gidan mutunci ne. Wa ya yi mai tarbiyya?"

"Me ka gani, Baba?"

"Babba na zamne, bai ɗaga ido ya dube ni ba ko sau guda. Ko a Maraɗi irinsu sun ƙare."

Abena ta fesar da ruwan bakinta. Ta fassara wa Jamal, shi ma ya fashe da dariya, ya nuna wa Idrissa ƙananan akwatunan ƙarfe shida da ke jere a gabansa, kowanne da abin takawa. Su yake kallo, kada ya taka wanda ba shi ba. Ya ce duk masu irin wannan kiɗan haka suke, har a Ingila ana yi musu ba'a ana ce musu masu kallon takalmi.

"Ku dai ce abin da kuka ga dama," in ji Idrissa. "Ni kunya na gani."

Ya fita waje don kunnensa ya huta. Hafsa na zaune a kan matakalar bayan gidan, tana cire ɓawon lemo. Ya zauna nesa kaɗan. Wata motar askirim na wucewa da ɗan kiɗanta.

"Kiɗinku ba hauka ba ne," ya ce. "Na yarda. Amma waƙar nan ta bakwai. Wagga waƙa ta uwarki ce. Kin yi mata abin da ba kowane ɗa ke yi ba, sannan kin haƙa rami kin binne. Don mi? Ki bari ta ji. Ni da kaina zan kai mata Bronx."

"Kada ka kai!"

"To don mi?"

Ta miƙa masa ɓarin lemo. Ta daɗe tana neman Hausar.

"Kawu, ka san yayana Uwaisu."

"Na san shi."

"Shekararsa ashirin da takwas. Ban taɓa jin Umma ta kira sunansa ba. Wai 'wannan yaron'. Ran da ya gama jami'a kowa na rungumar ɗansa, ita ta juya tana gyara ɗankwali. Ina ƙarama na ɗauka ba ta son shi. Sai wata rana na ga hoton ranar a cikin jakarta, ya yi laushi don taɓawa." Ta jefa ɓawon cikin kwandon shara, bai shiga ba. "Kai fa? Kana da ɗa a Maraɗi. Yaya sunansa?"

Idrissa ya buɗe baki. Ya rufe. Ɗan fari ne, shekara talatin da ɗaya, kuma sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba, ko a wasiƙa sai ya sa mai rubutu ya rubuta da kansa.

"Wannan daban," ya ce.

"Ba daban ba ne. In Umma ta ji waƙar nan yadda ka yi ta, ba za ta san inda za ta sa idonta ba. Ni ma haka. Sai mu yi sati muna kewaye juna a kicin. Amma in jitar na nan, za ta sa a mota, ta ce wannan wane irin hayaniya ne, ta kuma sawa gobe. Za ta ji. Na san za ta ji. Sai dai ba wanda zai ce an faɗa."

Idrissa ya tauna lemon a hankali. Ya tuna lasifikar ƙofar shagonsa, da Gariba yana wage baki yana rera maganar bargo a gaban masu kifi da masu yawon buɗe ido. Ashe yarinya ta lulluɓe maganarta da mayafi, shi kuma ya yaye shi a tsakiyar kasuwa, yana jiran a gode masa.

"Subhanallahi," ya ce. Can kuma ya ce, "Lemon ga da tsami."

Washegari tun da hantsi ya buɗe shago. Ya mayar da maɓallan nan huɗu kowanne kan ɗigon jan farcensa, ya duba da tabarau, ya sake dubawa ba tabarau. Sannan ya ɗebo kaset ɗin nan masu tsabta, aikin da ya fi kowane aiki kyau a rayuwarsa, ya riƙa sa su uku-uku yana bi ta kansu da ƙugi. Bai bar ko ɗaya ba. Hannunsa ya kai kan na ƙarshe ya tsaya, ya juya shi, ya dube shi, sannan ya tura shi ciki.

"Bafaranshe, ka haukace?" in ji Gariba. "Ka wanke riga sannan ka shiga da ita kwata?"

"Ƙarhe nawa yanzu, Ɗan Kumasi? Ka zaɓo mini guda cikin agogunanka."

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hafsa ta zo ɗauka. Ta sa abin saurare, ta ji farkon waƙa ta ɗaya, ta yi tsalle har kanta ya bugi rufin shagon. Da ta ga ya jawo hatimi da tawada sai ta riƙe masa hannun riga.

"Kawu, ba sai ka sa sunanka ba. Na fahimta."

"Aikin da ba suna aikin ɓarawo ne. Ni na yi shi. Saki rigata."

Ya buga ɗari da hamsin, ɗaya bayan ɗaya, yana ɓata fuska kamar mai shan maganin zazzaɓi. Ta bar masa goma ya ajiye a shago.

Bai je wasan Asabar ba, ya ce kunnensa guda biyu ne kacal. Abena ta biyo ran Litinin ta ba shi labari: mutane sun cika bayan shagon har kan katanga, wani mai gabatar da shiri a rediyon wata jami'a ya karɓi kaset, gwangwanin lemo ya faɗo daga kan lasifikar Jamal a tsakiyar waƙa ta uku aka yi ta tafi.

Ran Talata kuma sai ga Alhaji Tajuddeen. Direba ne a wani ofishin jakadanci, mutum mai tumbi da son a san ya iso. Ya sayi kaset ɗin a shagon Idrissa ranar Asabar da safe don ya ji 'yar Hajiya Halima ce ta yi. Ya ajiye baƙar motar ofis a inda aka hana ajiyewa, ya fito yana kaɗa kaset ɗin sama kamar ya kama ɓera.

"Malam Idrissa! Yau ga abin da ban taɓa gani ba. Kaset ɗinka ya lalace!"

Gariba ya ajiye agogon da ke hannunsa. Tsohuwa mai kunkuru ta leƙo. Wasu 'yan Nijar biyu masu sayar da jakunkuna suka matso.

"Na sa a mota, Oga na baya, sai ga wani ruri kamar injin ya kama da wuta. Oga ya ce in tsaya a duba. Muka tsaya a kan gada, Malam Idrissa, a kan gada! Ga sunanka nan a jiki, ko ba naka ba ne?"

Idrissa ya karɓa, ya dubi shuɗin hatimin. "Nawa ne, Alhaji."

"To a gyara mini."

"Ba shi gyaruwa. Haka shi ke."

"Kai da kake fito da muryar tsohuwata daga cikin guguwa? Sa mu ji. Sa, jama'a su yi shaida."

Idrissa ya sa a lasifikar ƙofa. Kaset ɗin ya tashi daga inda Alhaji ya kashe shi, tsakiyar waƙa ta bakwai. Ƙugin ya malalo kan titin, ganga na tsalle a cikinsa, siririyar muryar na ɓullowa tana nutsewa. 'Yan jakunkuna suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Kai, tsoho ya fara gajiya." Idrissa ya ji shi sarai.

Alhaji Tajuddeen ya karkata kai, ya kafa hannu a bayan kunne. "Tsaya. Kamar Hausa nake ji can ƙasa. Me take cewa?"

Gariba ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki zai rera. Idrissa ya juyo ya dube shi. Gariba ya mayar da iskar ta hanci, ya ɗauki wani agogo ya kara a kunne.

"Malam Idrissa, da kai nake. Kai ne mai kunne. Me yarinyar take cewa?"

"Ni ma ban ji ba, Alhaji," in ji Idrissa.

Ya zaro kaset ɗin wa'azi daga kanta ya miƙa masa a madadi. Alhaji ya karɓa yana girgiza kai, ya ce lallai zai ba da labarin nan ran Juma'a, ya ruga wurin motarsa don ya hango mai raba takardar tara ta doso. Idrissa ya koma kan kujerarsa, ya jawo bikin 'yar Zinder da ya yi kwana takwas yana jira, ya bar waƙa ta bakwai tana ci a ƙofa har ta kai ƙarshe.